Hanya Da Mai Ita: Tarihin Riƙon Hanyoyi A Ƙasar Karaye Da Rogo

Gabatarwa

Idan ana lissafin dukiyar ƙasa akan ambaci gonaki da dabbobi da ma'adinai, ba kasafai akan tuna da hanya ba. Alhali kuwa hanya dukiya ce kamar gida ko rijiya, an kashe kuɗi da ƙarfi kafin a same ta, tana bayar da amfani kullum, kuma tana tsufa. Sanin kowa ne cewa mai gidan ƙasa ba ya jiran soro ya rufta kafin ya nemo magini. Da zarar kaka ta wuce zai yi yaɓe, ya gyara indararo, ya toshe inda ya ga tsaga, domin ya san kuɗin yaɓe ba su kai kuɗin sabon gini ba. Abin mamaki shi ne, wannan hikima da kowane magidanci ya sani game da gidansa, ita ce ta fi ba hukumominmu wuya game da hanya.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi tarihin yadda aka riƙa kula da hanyoyi a wani yanki na ƙasar Kano, wato Gwangwan da maƙwabtanta na Rogo da Karaye, tun daga zamanin fatake har zuwa yau. A kowane zamani tambaya biyu za mu yi. Ta farko, wane ne mai hanyar, wato wa za a kama idan ta lalace? Ta biyu, daga wane aljihu ake biyan gyaranta kowace shekara? Mai karatu zai ga cewa duk lokacin da aka san amsar waɗannan tambayoyi hanya takan rayu, ko da ta burji ce, duk lokacin da amsar ta ɓace kuwa takan mutu, ko da an shimfiɗa mata kwalta.

Ƙasar Da Muke Magana A Kai

Gwangwan ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Rogo, tare da irin su Zarewa da Fulatan da Beli da Ruwan Bago. Ita kuwa Rogo a da tana cikin Karaye ne, sai a 1996 aka ɗebe ta, lokacin da ƙananan hukumomin Jihar Kano suka kai 44. Su biyun ne yanzu suka haɗu suka zama masarautar Karaye, bisa dokar da aka yi a 2024. Yankin yana can kusurwar kudu maso yammacin jihar, inda ƙasar Kano ta haɗa iyaka da Makarfi ta ƙasar Zazzau da kuma Danja da Kafur ta ƙasar Katsina.

Ruwan sama a nan ya fi na arewacin Kano yawa, ga fadamu, ga rafuka da ƙoramu. Wannan ne ya sa ƙasar ta zama ta masara da dawa da rake da auduga da tumatir da barkono. Sai dai ruwan da ke rayar da gona shi ne kuma yake cin hanya. Manomin Gwangwan na iya cika rumbu, amma darajar abin da ya noma tana rataye ne da ko mota za ta iya isowa ta ɗauka zuwa Makarfi ko Zariya ko Kano. Daɗin daɗawa, yankin bakin iyaka ne, nesa da fadar gwamnati, kuma irin waɗannan wurare su ne akan tuna da su a ƙarshe.

Zamanin Fatake

Kafin zuwan Turawa babu mota, babu keken shanu, saboda haka hanya ba ta bukatar faɗi ko daɓe. Turba ce wadda ƙafar mutum da kofaton jaki suka fitar. Manyan hanyoyin fatauci sun ratsa tsakanin Kano da Zazzau da Katsina, wasu suka zarce har Gwanja wajen sayen goro. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, a yada zango a gefen gari, a biya kuɗin fito a bakin kogi, a kuma biya sarkin ƙasa abin da ya yanka kafin a wuce.

A wancan zamani abin da ake nufi da gyaran hanya shi ne tsaro da ruwan sha da mashigi. Hanya mai kyau ita ce wadda babu 'yan fashi, akwai rijiya a zango, akwai masu fito a kogi. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, dattijuwar da ta tashi a yankin Zarewa a ƙarshen ƙarni na 19, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga da Turanci a 1954, zai ga irin zaman ɗar-ɗar da mutanen wannan bakin iyaka suka yi saboda mahara da masu satar mutane. Fita daga gari mai ganuwa zuwa wani garin kasada ce, balle a ce mace ko yaro su kama hanya su kaɗai.

Duk da haka, an san wanda nauyin hanya ke kansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Umarun Dallaje na Katsina, ya lissafa gina ganuwa da gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin ayyukan da suka wajaba a kan shugaba. Malamai kuma sun daɗe suna karantar da cewa kawar da abu mai cutarwa daga kan hanya sadaka ne, kuma idan aka yi jayayya kan faɗin hanya to a bar mata kamu bakwai. Wato hanya haƙƙin jama'a ce, ba a cin ta da gona, ba a toshe ta da gini. A aikace, dagaci da mai unguwa su ne ke fito da samari aikin gayya bayan damina, a sare ƙaya, a share turba har zuwa iyakar gari na gaba. Haka ma aka riƙa yi wa ganuwa, kowace unguwa da ɓangaren da za ta yaɓe. Ganuwar Kano ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye saboda wannan yaɓe na shekara-shekara, da aka daina shi kuwa kowa ya ga yadda ta koma.

Zuwan Turawa

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Abin da ya fi damunsu tun farko shi ne yadda soja da jami'i za su isa ko'ina cikin hanzari, daga baya kuma yadda amfanin gona zai isa bakin teku. Gwamna Lugga ya fara da hanyar alfadarai daga Zungeru zuwa Zariya wajen 1904, amma abin da ya sauya al'amura shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. A shekarar ce cinikin gyaɗa ya ɓarke. Daga baya aka ja wani layin daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929.

Ƙasar Karaye da Rogo sai ta samu kanta a tsakanin layin dogo biyu, na Zariya zuwa Kano ta gabas, da na Zariya zuwa Funtuwa ta yamma, ba tare da ko ɗaya ya ratsa ta ba. Saboda haka hanyoyin da aka fitar a yankin masu kai kaya tasha ne, auduga da gyaɗa su bi jaki ko raƙumi, daga baya kuma lori, zuwa tashoshi irin su Dangora da Gimi. Ba don manomi ya ziyarci ɗan'uwansa aka yi su ba, an yi su ne don kaya su fita.

To wa ya yi aikin? Talaka ne. Tun a shekarun farko Turawa suka kafa dokar hanyoyi wadda ta ɗora wa sarakuna nauyin fito da mutane su share hanya su kuma gyara ta. Da aka tsara ƙasar Kano gunduma-gunduma wajen 1908, sai umarni ya riƙa saukowa daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya faɗo kan mai fartanya. A nan ne aikin gayya ya rikiɗe ya zama aikin tilas. Gayya ta asali mutum yakan je ne don ya san gobe za a zo masa, ga fura ga kiɗa. Wannan kuwa dogari ne ke tsaye, babu lada, kuma sau da yawa aikin yakan faɗo daidai lokacin da gona ke bukatar mai ita. Sai bayan yarjejeniyar duniya ta 1930 kan aikin tilas aka yi dokar 1933 a Nijeriya wadda ta taƙaita shi, ita ma ta bar ƙofa a buɗe ga abin da ta kira ƙananan ayyukan gari. Shi ya sa har bayan kafa NEPU a 1950, aikin tilas na cikin abubuwan da 'yan jam'iyyar suka riƙa kuka da su a ƙauyukan Kano.

Wannan tabo yana da muhimmanci ga tarihinmu, domin ya bar wa talaka tunanin cewa hanya ta gwamnati ce, aikinta kuma wahala ce da ake ɗora wa marar gata. Har yau ba mu gama warkewa daga wannan tunani ba.

Leburan En'e Da Shingen Damina

Akwai kuma ɗaya ɓangaren na wancan zamani wanda ya kamata a faɗa. Kafa baitulmali a masarautu, wanda aka fara a Katsina kafin ya bazu wajen 1910, ya sa En'e ta samu asusu na kanta daga kason haraji da jangali, da kasafin kuɗi na shekara. A tsakiyar shekarun 1920 aka kafa hukumar hanyoyi ta ƙasa, daga nan aka fara kasa hanyoyi aji-aji, manya na gwamnatin tsakiya, matsakaita waɗanda daga baya suka koma hannun gwamnatin yanki, sai ƙanana na En'e. Hanyoyin ƙauyukan Karaye suna cikin aji na ƙarshe. Wasunsu ma hanyoyin rani ne kawai, akan gyara su bayan ruwa ya ɗauke don lokacin cinikin auduga da gyaɗa.

A hankali sai leburan da ake biya suka maye gurbin masu aikin tilas a kan muhimman hanyoyi. Dattawa na iya tuna yadda abin yake. Kowane 'yan mil-mil akwai rukunin lebura da helumansu, an yanka musu iyakar inda za su kula da shi. Kayan aikinsu diga ne da shebur da kwando da baro. Su share lambatu kafin ruwan farko, su zuba burji a rami tun yana ƙarami, su ja tsintsiyar ƙarfe ko ta itace a kan gargada, su yanke ciyawar gefe. A wasu hanyoyin kuma akwai shinge da mai gadi. Idan aka yi ruwa mai yawa sai a rufe, manyan motoci su jira har ƙasa ta tsane, don kada lori ɗaya ta ɓata aikin wata guda cikin sa'a guda. Direbobi sun tsani wannan shinge, amma shi ya sa hanyar ke kaiwa kaka.

Kada mu ƙawata abin fiye da kima. Hanyoyin ƙura ne da rani, taɓo da damina, kuma kaɗan ne. A 1951 duk Nijeriya hanyoyinta kimanin kilomita 44,000 ne, masu kwalta a ciki ba su kai 2,000 ba. A 1960 sun kusa 66,000, masu kwalta ba su kai 9,000 ba. Amma tambayoyinmu biyu suna da amsa. Idan kwalbati ya toshe an san heluman da za a kira, an san hakimin da zai sha faɗa idan Di'o ya zo rangadi, an kuma san layin da ke cikin kasafin baitulmali wanda za a biya lebura da shi.

Me Ke Kashe Hanya?

Kafin mu ci gaba da tarihi, yana da kyau mu tsaya mu ga dalilin da ya sa waɗancan ƙananan ayyuka suke da girma. Injiniyoyi sun ce maƙiyan hanya biyu ne, ruwa da nauyi.

Akan gina hanya da ɗan doro a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, ya faɗa lambatu, ya bi ta kwalbati ya wuce. Idan yashi da shara suka cike lambatu, ko doron ya baje, sai ruwa ya kwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma kwalta, da ta yi 'yar tsaga ruwa zai shiga ƙarƙashi ya jiƙa daɓen, taya ta bi ta kai, rami ya buɗe. Ramin da kwando biyu na burji zai cike a watan Yuni, shi ne zai zama kwazazzabo a watan Satumba.

Game da nauyi kuwa, wani babban gwaji da aka yi a Jihar Ilinoyi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba daidai take tafiya da nauyinta ba, tana ninkuwa ne fiye da haka nesa. Idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar takan ninku wajen sau 16. Ke nan tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Da jirgin ƙasa ya durƙushe, kayan da a da yake ɗauka suka dawo kan titi, har ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na kaya da fasinja a ƙasar nan ta mota suke tafiya.

Saboda haka gyara hawa uku ne. Akwai na kullum, wato shara da cike rami. Akwai na bayan 'yan shekaru, wato zuba sabon burji ko shafa sabuwar kwalta a kan tsohuwa tun ba ta farfashe ba. Sai na uku, sake gini daga tushe, wanda shi ne mafi tsada, kuma shi ake faɗawa idan aka tsallake biyun farko. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 1988 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, asarar da gyaran dala biliyan 12 zai iya hanawa. Rigakafi dai ya fi magani.

Zamanin Kuɗin Mai

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma gwamnatin Audu Bako ta yi ayyukan hanyoyi da madatsun ruwa da har yau ake ambato. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, sai gini ya zama abin yayi. A 1974 Gwamnatin Tarayya ta karɓi dubban kilomitoci na hanyoyin jihohi ta mai da su nata. Katafila da gireda da ɗan kwangila suka maye gurbin lebura da kwandonsa. Shingen damina ya ɓace, rukunin lebura suka watse, wanda ya yi ritaya ba a ɗauki wani a madadinsa ba.

A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, hakimi ya fita daga harkar ayyuka. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Babu mai musun cewa talaka ya samu sauƙi da wannan mataki, domin an daɗe ana cutarsa wajen karɓa. Sai dai daga nan ƙaramar hukuma ta koma dogaro kacokan da kason da ke zuwa daga sama, kuma igiyar da ta haɗa abin da ƙauye ya biya da abin da aka yi masa ta tsinke. Tsarin mulki, har da na 1999, ya ci gaba da lissafa gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, amma kuɗinta sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya saura bayan albashi kuwa sau da yawa bai taka kara ya karya ba.

Ga yadda lissafin yake. Hanyoyin Nijeriya sun kusa kilomita 200,000. Na Tarayya kimanin 35,000 ne, na jihohi sun ɗan haura 30,000, sauran kuwa, wato wajen kashi biyu cikin uku, na ƙananan hukumomi ne. Ke nan an ɗora kaya mafi yawa a kan jakin da ya fi kowane rama. Hanyar da manomin Gwangwan zai fara bi daga gonarsa tana cikin wannan kaso.

Ba wai an daina yi wa karkara hanya ba ne. Shirin raya aikin gona na Funtuwa, maƙwabciyarmu, ya fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya fitar da hanyoyin burji masu yawa. A farkon shekarun 1980 aka kafa KNARDA a Kano ta yi irin wannan aiki. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI don abinci da hanyoyi da raya karkara, aka yi ta buɗe hanyoyi a ƙauyuka, kafin a rushe ta bayan saukar gwamnatin. A 1994 aka kafa PTF, wadda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, ta gyara manyan hanyoyi da dama, aka rufe ta a 1999. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka ƙaddamar da titin kilomita biyar a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, da yawa daga ciki ba a kammala ba har gwamnatin ta sauka.

Duk waɗannan shirye-shirye abu ɗaya ya haɗa su. Kowane ya zo da kuɗin gini, ya yi bikin buɗewa, ya miƙa hanyar ga ƙaramar hukumar da ba ta da gireda mai tashi, sa'an nan ya kau. Bayan damina uku ko huɗu sai hanyar ta koma yadda take, a jira shiri na gaba ya zo ya sake gina ta. Dalilin bai ɓuya ba. Sabon titi yana da allo da suna da ranar yanka ƙyalle, share lambatu kuwa ba ya shiga rediyo. Ko manyan hanyoyi ba su tsira ba. Tagwayen hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kimanin kilomita 375, an bayar da kwangilar gyaranta a ƙarshen 2017 a kan naira biliyan 155, amma da aka ga ta lalace har tushe sai aka mai da aikin sake gini ɗungurungum, kuɗin suka kusa biliyan 800 a 2021.

Neman Asusun Gyara

Wasu ƙasashen Afirka sun gane cewa gyara ba zai yiwu ba muddin sai an roƙi kuɗinsa kowace shekara daga kasafin da kowa ke wawaso. Sai suka ware asusu na musamman, ana zuba masa wani abu daga kowace litar mai, domin mai shan mai da yawa shi ne mai cin hanya da yawa. Gana ta fara nata a 1985, Kenya ta sa harajin mai don gyaran hanya a 1993, Jamhuriyar Nijar kuma ta kafa asusun CAFER a 1999.

A Nijeriya an kafa FERMA a 2002 don kula da hanyoyin Tarayya. A farkon 2004 aka rushe shingayen karɓar kuɗi na manyan hanyoyi. A 2007 aka yi wa dokar FERMA gyara, aka ce a ɗebi kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da gas, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi FERMA, kashi 60 ya tafi hukumomin gyaran hanya na jihohi. Doka ta yi kyau a takarda, amma shekaru suka yi ta wucewa ba a ga kuɗin ba, sai da maganar ta sake tasowa a 2025 lokacin sabuwar dokar haraji. Jihar Kano ma ta kafa tata hukumar, KARMA, sai dai ƙarfinta ya fi bayyana a cikin birni.

Abubuwa biyu na baya-bayan nan sun shafi karkara kai tsaye. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, kuma Kano na cikin jihohi 13 da aka fara da su. Abin lura shi ne sharaɗin da aka gindaya, cewa kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyara na dindindin. Wato masu ba da rancen sun dawo kan tambayoyinmu biyu. Na biyu kuma, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya fara da tafiyar hawainiya.

Kammalawa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen Gwangwan da Zarewa da Fulatan sun san kowane mashigin da ke yankewa a watan Agusta, sun san abin da ke biyo baya. Kuɗin mota ya tashi, taki ya iso a makare, kwandon tumatir ya ruɓe a bakin gona, dillali ya sayi masara yadda ya ga dama domin ya san manomi ba shi da hanyar fita da ita. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti su nemi a sauya musu wurin aiki. Mafi muni, mace mai naƙuda a ɗora ta a babur cikin dare, a yi ta addu'ar Allah ya sa rafi bai kawo ba.

Tarihin da muka bi bai ce a koma aikin tilas ba, Allah ya kiyaye. Abin da ya nuna shi ne hanya tana son mai ita. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma, Rogo da Karaye a ciki, ta mallaki rajistar hanyoyinta, da tsawon kowace da yawan kwalbatocinta da halin da take ciki, a sabunta ta bayan kowace damina. Ya kamata a ware kuɗin gyara daban da na gini, a liƙa lissafinsu inda jama'a za su gani. Ya kamata a dawo da tsarin yanka wa mutum ko ƙungiyar samari 'yan kilomitoci su kula da su bisa lada, domin aiki ne da ba ya bukatar katafila, kuma kuɗinsa a ƙauye za su tsaya. Hakimai da dagatai su hana cin gefen hanya da gona da zuba shara a lambatu, ƙungiyoyin direbobi su tsawata wa masu lodin ganganci. Idan kuma ɗan takara ya zo da alkawarin sabon titi, to a yi masa godiya, sa'an nan a tambaye shi wanda zai share lambatunsa bayan shekara biyar, da inda kuɗin za su fito.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu ikon kula da abin da yake namu, amin.